Ranar da Baba Ya Ƙi Fita Kasuwa

Jiya a Shahe, kasuwar tufafi ta birnin Guangzhou a Chana, na ga wani mai shago yana sharar barci a kan dilar kaya, sai na tuna Baba, dattijon da ya koya mini saro. Ko shayi a tsaye yake sha.

Wata rana a masaukinmu wani ɗan Nijar ya kunna tsohon fim ɗin Faransa na wani malalaci, yana fassara mana. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Washegari bai fito ba. Muka ruga da kunu da magani, muka same shi a miƙe, waya a kashe.

Ya ce, "Lafiyata ƙalau. Darasin Bafaranshen nan nake bita. Ku ajiye kunun kusa."

Allah ya jiƙan Baba, ya sa wannan kwanciyar ta fi waccan daɗi.