Yaya Almu, Na Daki Karenka

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Oktoba na 2025, ana shirin sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Almu Garba Tudun Wada a asibiti a unguwar Whitechapel da ke Landan, bayan kwana biyar yana fama da ciwon zuciya. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai. Washegari muka sallace shi a babban masallacin unguwar, muka kai shi makwancinsa ana yayyafi.

Yaya Almu, yau kwana goma sha tara ke nan. Duk wanda ya san mu ya ce ni ya kamata in rubuta wani abu a kanka, tunda ni ne ƙaninka a ƙasar nan, ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ba abin faɗa na rasa ba. Kunya nake ji, domin amana ɗaya tak ka bar mini, ɗan kwikwiyon karenka, ga shi kuma tana neman salwanta a hannuna.

Bari in fara da alherinka, shi ne ya fi sauƙin faɗa. A shekarar 2003 na sauka Landan da jaka ɗaya da lambar wayar wani mutum da har yau bai ɗauka ba. Wata Juma'a ina tsaye a ƙofar masallaci, sanyi yana neman raba ni da yatsuna, sai na ga wani dogon mutum ya ƙura wa ƙafata ido. Ka ce, "Ɗan'uwa, wannan takalmin na Kano ne ko na Zariya? Don dai ba na ƙasar nan ba ne." A ranar ka tafi da ni gidanka a Edmonton. Wata huɗu na yi a kan kujerar falonka, ban taɓa jin ka tambaye ni yaushe zan tashi ba. Kai ka raka ni neman aikin tuƙin bas da nake ci da shi har yau, kai ka tsaya mini a matsayin uba ranar da na auri Zarah. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ɗalibai nawa ne suka ci tuwonka? Duk Bahaushen da aka kwantar a asibiti, in dai labari ya iso kunnenka, zai gan ka da kunu a filas, ko ya san ka ko bai san ka ba.

Abu ɗaya ne jama'armu suka kasa haɗiyewa game da kai, wato sana'arka. Shekara ashirin da ɗaya kana aiki a gidan da ake tara karnukan da aka yasar, kana share musu ɗaki, kana yi musu wanka, kana fita yawo da su. An yi ta magana a bayan idonka. Akwai masu matsawa gefe idan ka shigo sahu, alhali kowa ya san kayan sallarka daban suke, a ƙulle cikin jaka, kuma ka fi yawancinmu kiyaye tsarki. Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu ƙyamar. In na zo gidanka sai na juya kofin shayi na duba cikinsa. Kai kuwa dariya kake yi, ka ce, "Sha abinka, Nuruddeen. Tun safe nake wanke shi saboda kai, kare bai ma san ina da shi ba."

Sai da muka shekara fiye da goma tare kafin ka gaya mini abin da ya kai ka aikin. Muna zaune a benci a filin shaƙatawa na unguwarku, wata rana da hantsi, wani matashi ya wuce da ƙaton kare da aka yanke wa kunnuwa suka tsaya cako-cako. Ka bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ka ce mahaifinka maharbi ne a dajin kudancin Kano, kuma tun tasowarka kai ne mai yanke wa 'yan kwikwiyon gidanku kunne. Aska ce da toka mai zafi, uwarsu a ɗaure a gindin bishiya tana kallo. Ka ce sun fi ɗari. Mahaifinka yana da hujjarsa: ƙaya, da ƙudan da ke cin bakin kunne, da naman dajin da ke neman abin kamawa. Ka ce ko ita hujjar ka daina yarda da ita, balle ta mutanen nan, waɗanda dokar ƙasarsu ta hana, amma suke yi a ɓoye don kawai kare ya yi kama da mugu. Ka ce har yanzu kana jin kukan. Ni kuwa sai na ce mu tashi, sanyi ya yi yawa.

Bara ka yi ritaya, muka ce to, an huta. Ashe da sauran magana. A watan Agusta aka kama wata mota cike da 'yan kwikwiyo, aka kai su tsohon wurin aikinka. A cikinsu akwai wani baƙi, ɗan sati goma, irin manyan karnukan gadi, an datse masa kunnuwa har gindi, ciwon ya ruɓe. Ka ɗauko shi ka kawo gida. Na sa masa suna Guntu, ka ɓata rai, ka ce ba a kiran halitta da abin da aka zalunce ta da shi. Ka ce sunansa Barde.

Barde kuwa bai bar komai ba. Ya ci ƙafar tebur, ya ci wayar caji, ya ci gefen kafet. Ran da ya ci takalmina na ce maka wannan bulala yake nema. Ka girgiza kai, ka buɗe masa baki ka nuna mini dasashinsa ya yi jawur. Ka ce haƙori yake sakewa, ƙaiƙayi ke damunsa, ba mugunta ba ce. Ka buɗe firiza ka nuna mini karas jere, da tsummoki jiƙaƙƙu da ka murɗa suka daskare. In ya kama abin da bai kamata ba, sai ka miƙa masa karas, ka zare wancan a hankali, ka yaba masa kamar ya ci jarrabawa. Ka ce duk abin da ya tauna, laifin wanda ya bar shi a ƙasa ne. Ka kuma ce kare da kunnensa yake gaya maka ya ji tsoro, shi kuwa an raba shi da wannan, don haka sai a riƙa duban farin idonsa da yadda yake lasar leɓe. Ina jin ka, amma hankalina yana kan takalmina.

A rana ta uku da kwantar da kai na zo duba ka bayan azahar. Ka miƙo mini makullin gidanka. Ka ce, "Kada ka bari a mayar da Barde gidan karnuka kafin ya gama haƙori. Wata biyu ya rage. Kare mai tauna, kuma marar kunne, ba wanda zai ɗauke shi. Kada kuma ka dake shi." Na ce na yi alkawari. Wallahi na faɗa ne ina ganin jibi za a sallame ka.

Ga abin da na yi da alkawarin. Ban iya kai shi gidana ba, Zarah tana da asma, mai gidanmu kuma ya hana ajiye dabba. Sai na bar shi a gidanka, tunda council, hukumar da ke da gidan, ta ba da sati huɗu kafin ta karɓi makulli. Kullum ina zuwa sau biyu, kafin aiki da bayan aiki. In buɗe masa ƙofar ɗan filin baya, in tura masa kwano da ƙafa, in jefa masa karas daga nesa, in fita. Yana zuwa da gudu yana kaɗa jela, ni kuma ina ja da baya. Ban taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya. Maƙwabta suka ce wuni yake yana kuka. Ɗan wata biyar ne, ya saba da mutum a kusa da shi dare da rana, na bar shi da bango huɗu da ƙanshinka.

Rana ta goma sha biyu 'yarka Humaira ta bugo daga Leeds. Ta ce, "Kawu, ni ba na son komai a flat ɗin, just his blue babbar riga, wadda ya sa a bikina." Da safe na ciro ta daga cikin kabad, na ninke, na ɗora a kan kujera don kada in manta, na tafi aiki. Da na dawo da yamma na tarar da Barde kwance a kanta. Aikin wuyan duka ya tafi, zare ya watsu ko'ina, hannu ɗaya yana bakinsa.

Na ɗauki sandar goge ƙasa, Yaya Almu. Na dake shi. Ya gudu lungun firij, na bi shi, na ƙara. Ban duba idonsa ba, ban duba leɓensa ba. Da na miƙa hannu zan fizge tsumman rigar, ya kama ni. Ɗinki shida aka yi mini. Abin da ya fi cizon ciwo shi ne, yana sakina ya kwanta da ciki a ƙasa, ya jawo jiki zuwa ƙafata yana rawar ɗari. Ni na bar rigar a inda bakinsa zai kai, kuma ka riga ka gaya mini laifin wane ne.

Daga nan na san ba zan iya ba. Na kira Tina, 'yar Jos ɗin nan da ka koya wa aiki a gidan karnuka, wadda ta tsaya a wajen masallaci tana kuka ranar jana'izarka. Ta zo da mota. Tana shigowa ta ga bandeji a hannuna. Na shirya ƙaryata tun a hanya, zan ce wuƙa ce ta yanke ni. Ta dube ni ta ce, "Baba, ka gaya mini gaskiya. In gida mai yara ne suka ɗauke shi fa?" Sai na faɗa mata duka, har da sandar. Ta rubuta komai a takarda. Da ta gama ta ce, "Dole in yi reporting, Baba. Zan rubuta cewa dukansa aka yi, amma ba ni ke deciding ba." Ta ce kare mai wannan girman, da kunnuwan da ke tsorata mutane, ga kuma cizo a takardarsa, da wuya a ba wa wani shi. Sai dai in an sami gidan da babu yara, mai shi kuma ya san karnuka, ya zo ya sa hannu kafin Litinin. In ba a samu ba, mai yiwuwa allurar mutuwa ce za a yi masa. Ta sa shi a mota ta tafi da shi.

Kusan sati guda ke nan ina bugun waya. Na kira mutum arba'in da uku, yawancinsu sun ci tuwonka. Kowa ya yi maka addu'a mai kyau, kowa ya ce Allah Ya ba ni haƙuri, amma ba mai wuri. Ban ga laifin kowa ba, ni ne na farkon wanda ba shi da wuri. Na kira Humaira na gaya mata batun rigar. Ta ce in aiko mata da abin da ya rage. Ita ma ba ta da wurin ajiye kare, a hawa na tara na bene take, da jariri.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Almu. Ka yafe masa kurakuransa, har da waɗanda ya kwashe shekaru yana kuka a kansu shi kaɗai. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka sa tausayin da ya nuna wa mutane da dabbobi ya tarbe shi a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hajiya Murja da ke Tudun Wada, da 'yarsa Humaira da mijinta, da dangi na gida da na waje, da abokan aikinsa, da duk Hausawan Landan da suka taɓa zama a falonsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ni kuma, Yaya Almu, ka yafe mini. Gobe Litinin da ƙarfe goma Tina za ta kira ni. Ta ce in hukuncin allura ne, a gidan karnukan sun fi so wanda karen ya sani ya zo ya riƙe masa kai, don kada ya tafi a tsorace cikin baƙi. A duk faɗin Landan ni kaɗai na rage masa, ni da na dake shi. Na ce mata zan zo. Allah Ya sa kada a buƙace ni.