Ranar da Fada ya raka ni neman aure

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ranar wata Talata bayan an gama girbi. Mu uku ne: ni, da wani maƙwabcina ɗan Sabon Gari da ya rungume ƙwaryar goro, da Fada, limamin cocin da nake wa gadi, mai tuƙa mu a tsohuwar fijonsa. Auren ɗana za mu nema a Tsafe.

Ni mutumin Maraɗi ne. Fari ya koro ni da mata da ɗa ɗaya, muka kwana uku a tasha ba wanda ya kalle mu. Fadan cocin Katolika ne ya ba mu ɗaki, ya ba ni gadi, shekara goma sha huɗu ke nan. Matsalar ita ce an kai wa dangin yarinyar labari wai mu 'yan coci ne. Ga shi neman aure sai da manya, ni kuwa ba ni da wa, ba ni da kawu a ƙasar nan. Da na ce Fada zan ɗauka, maƙwabcina ya ce na haukace, wai da hannuna zan kai musu shaidar abin da ake zargi.

Mai ya yi wuya, gidajen mai duk layi ne ba motsi, sai wajen 'yan bumburutu muka sayi galan biyu da tsadar da ta sa Fada dafe ƙirji. Hanyar Tsafe kuwa ramuka ne da jakuna ɗauke da damman dawa. Da dutsen garin ya bayyana muka tsaya muka karya da hoce da ƙuli-ƙuli. Fada ya ci uku, ni ko rabi ban iya haɗiyewa ba.

Uban yarinyar ya karɓe mu a zaure, ya dubi farar rigar Fada, ya dubi goron, bai taɓa shi ba. Ya ce magana tana hannun yayansa a Bungudu. Haka muka juyo, muka ratsa Gusau kamar baƙi, muka hau titin Sakkwato rana na dukan mu.

A Bungudu muka tarar da dattijon yana gyaran rumbu. Aka shimfiɗa tabarma, Fada ya cire takalmi ya tanƙwashe ƙafa, aka kawo fura. Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya tsallake ni, ya fuskanci Fada.

"Kai ka san mutumin ga. Hwaɗa min tsakaninka da Allah, shina salla?"

Fada ya ajiye ludayi ya ce, "Baba, ƙara ma na kawo. Shugabana da kansa ya taɓa zuwa daga Sakkwato, ya tsaya a rana bakin ƙofa yana ta hon, mutumin nan bai buɗe ba sai da ya sallame la'asar, ya kuma ƙara da lazimi."

Tsohon ya yi dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "To, mun jiya. Wanda ad da riba in ya ce mutumin ga nasu ne, shi yac ce ba nasu ba ne." Ya jawo ƙwaryar goron, ya fasa ɗaya, ya miƙa wa Fada ɓari. Sannan ya ce an ba mu, amma ranar ɗaurin aure maƙwabcina ne zai karɓi auren, shi Fada ya zo cin shinkafa. Fada ya ce dama abin da ya fi iyawa ke nan.

Wallahi sai a lokacin na ji yunwa. Na shanye sauran furar nan tas, ban ji kunyar kowa ba.

Kafin magariba mun iso gida. Matata na tsaye bakin ƙofa, tana ganin ƙwaryar babu goro ta rangaɗa guɗa a harabar coci. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara da shekaru ina cewa ba ni da kowa a Najeriya, alhali ina kwana bakin ƙofar yayana.