Bindigar Tannie Breggie

Duk wanda ya san Oom Gawie Lategan, wato Kawu Gawie, a gonakin bayan garin Carnarvon, da abu biyu ya san shi: kiwon tumaki da taurin kai. Tun yana saurayi yake harbin barewa da wata tsohuwar bindiga da ya gada, mai shuri kamar jaki. Da sanyi ya shigo, lokacin shanya naman biltong, irin nasu kilishin, sai ka ga kafaɗarsa ta yi baƙi ƙirin, shi kuwa yana ta cika baki wai bindigar maza ke nan.

Matarsa Tannie Breggie, wato Goggo Breggie, 'yar gajeruwa ce, tata bindigar ma ƙarama, samfurin 243 mai siririn harsashi, da ƙyar take motsi a kafaɗa. An rage mata tsawon gindi daidai hannun matar.

"Ke da wannan abin wasan yaran naki," in ji Gawie, "ai sai dai ki yi wa barewa susa."

"Sannu, sarkin maharba!" takan ce masa. "Taka ta cinye rabin cinya, tawa ta shiga bayan kunne. Wa zai shanya nama, wa zai shanya tsumma?"

Gaskiyarta kuwa, ba ta harbi biyu. A wuri guda take kwantar da kuncinta, shekara da shekaru, har fentin itacen ya koɗe a wajen, ya yi fari-fari da santsi, faɗinsa bai kai tafin hannu ba.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba ta doguwar jinya ba. Ba a rufa shekara ba wani rago ya tunkuyi Gawie ya gurɗe masa kafaɗa, likita ya ce shi da babbar bindiga har abada. Sai ga mai bindigar maza ya ɗauko abin wasan yara.

Kai, ya sha kunya! Bindigar ta yi masa gajarta, harsashi sai ya bi ta hagu ya tayar da ƙura. Ɗansa Wikus, da ke aiki a Kimberley, ya zo hutu ya ga abin da ke faruwa.

"Pa, ai saitin idon Ma ne. Kawo in murɗa madubin saitin da ke kanta, yanzu ta dawo taka."

"Ka taɓa shi in karya maka yatsa. Da hannunta ta murɗa shi."

Maimakon ya gyara bindiga, sai Gawie ya gyara kansa. Yakan takure, ya ranƙwafa, ya maƙe wuya, har kuncinsa ya sauka daidai gurbin nata. In ya dace ya samu, in bai dace ba barewa ta wuce abinta. Shi dai ba nama ne ya dame shi ba. Kayanta an rabar, ƙamshinta ya bar ɗakin, wannan ɗan koɗaɗɗen wurin ne kaɗai ya rage masa da zai jingina fuska. Sau da yawa yakan daɗe a kwance bayan dutse, yatsa a kan kunama, bai harba ba, hawaye na bin itacen.

Wata rana ya harbi barewa, harsashin ya same ta a tumbi. Wuni guda yana bin sawun jini cikin ƙaya da duwatsu, da wannan kafaɗar, kafin ya ƙarasa ta. Labari ya kai wa Wikus, hankalinsa ya tashi. Yaron kirki ne, wallahi, ba wanda zai ce ba ya son ubansa. Da aka kwantar da Gawie a asibiti don aikin kafaɗa, sai ya ɗauki bindigar ya kai wa mai gyara a birni, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da Gawie ya samu ƙarfin fita, Wikus ya tuƙa shi a a-kori-kura zuwa bakin madatsar ruwa, ya kafa kwali, ya buɗe sabon akwati yana murmushi. Bindiga tana ta ƙyalli. An ƙara mata tsawo da roba, an kankare itacen an shafe shi da mai, an sake saiti.

"Gwada, Pa."

Gawie ya ɗora ta a kafaɗa, ta zauna masa daram. Ya harba, ya sake, ya sake. Wikus ya ruga ya ɗauko kwalin yana ihu: duk harsasan kusan rami ɗaya suka bi.

"Ka gani, Pa? Yau ko Ma ce sai ta sara maka!"

Tsohon bai kalli kwalin ba. Babban yatsansa ne ke yawo a kan itacen, sama da ƙasa, yana lalube.

"Ina wurin?"

"Wane wuri, Pa? Au, tabon nan? Mai gyara ya ce gumi ne ya cinye fentin. Ya goge shi tas."

Zuciyar Gawie ta karye, amma ya dubi fuskar ɗansa cike da murna, ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Ta yi kyau, yarona. Na gode."

Sanyin bana ba a shanya nama a barandar Lategan ba. Maƙwabcinsa ya tare shi a bakin coci ya tambaya ko bindigar ce ta sake ba shi matsala.

"Ko kaɗan," in ji Gawie. "Yanzu ba ta kuskure. Kowa ma zai iya harba ta."