Cocilar Kawu Da Baƙuwar Tauraruwa

Birnin Kebbi

Ana sallame sallar asuba na bar unguwarmu Gesse, rungume da madubin hangen nesa da malaminmu ya ara mini na kwana ɗaya. Wata tauraruwa mai wutsiya nake son gani. Ba 'yar gidan ranarmu ba ce. Daga wajen wata rana mai nisa ta fito, kuma in ta wuce ba za ta dawo ba. Daga haskenta masana ke gane irin ƙanƙara da ƙasar da ke can inda ba mai iya zuwa. Fitilun birni sun hana a gan ta, sai na nufi ƙauyen Kawu Bala, yayan mahaifiyata, kusa da Augie.

Argungu

A shingen hanya ɗan sanda ya ƙwanƙwasa bututun madubin ya tambaya ko bindiga ce. Direba ne ya ce, "Yallaɓai, yaron taurari yake harbi." Aka yi dariya, muka wuce. Na ci shinkafa da kifi a tasha, na hau mashin.

Ƙauye

Na kwana gidan Kawu. Kafin kiran assalatu na kafa madubin a bakin gonar albasa. Ashe Kawu na biye da ni da ƙatuwar cocila, don a gidansa baƙo ba ya tafiya cikin duhu. Ya tsaya yana haska mini madubin wai don in gani da kyau. Ido kuwa sai ya saba da duhu yake kama ta. Ban taɓa ce wa babba ya bari ba. Na yi ta juya madubin, gabas na shirin yin fari.

Da ƙyar na ce, "Kawu, don Allah a kashe."

"Mi ya hana ka hwaɗi tun ɗazu?"

Duhu ya rufe mu. Can sai ga ta, ɗan dusu-dusu kamar hayaƙi, ba wata wutsiya ta a zo a gani. Kawu ya leƙa ya daɗe. Na gaya masa daga inda ta taso. Ya ce baƙuwar da ta yi wannan tafiya ba a barin ta ta wuce ba gaisuwa. Ya koma ya taso iyalinsa, ya hana kowa kunna wuta.

Da azahar na iso gida da buhun albasa, na mayar da madubi. Allah Ya saka wa Kawu da alheri, wanda a karon farko ya yarda baƙo ya tsaya cikin duhu saboda ni.