Ranar da Ramin Yumɓu Ya Rufta da Mu

Ko tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta da ranar da ramin yumɓu ya rufta da ni da yayata. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji numfashina ya sarƙe.

A shekarar babban farin nan ne, lokacin soja na mulki. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, mazan ƙauyenmu, can wajen Kona, suka watse ci-rani, aka bar mata da tsofaffi. Hukuma ta ce a koma noman rani. Aka gina rijiyoyi a garake, sai tulu ya yi daraja, don da shi ake ban ruwa. Mu kuwa ginin tukwane muka gada. In muka kai tulu a auna mana hatsi, in ba mu kai ba a kwana da yunwa.

Ramin da muke ɗibar yumɓu yana gabas da gari, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Samansa rairayi ne, yumɓu mai kyau yana can ƙasa. Kwashe rairayin aikin kwanaki ne, mu ko ba mu da ƙarfin, sai muka riƙa cin gindin bangon da dagi har ya zama kogo. Yanzu da nake kallon abin daga nesa, kabari muke gina wa kanmu, amma a lokacin har daɗin inuwar muke ji.

Ran nan da hantsi yayata na can ƙuryar kogon a durƙushe tana sara, ni ina bakinsa ina cika masaki, gwaggonmu na waje tana karɓa. Sai na ji rairayi na zubo mini a wuya. Na kakkaɓe, har na yi dariya. Yaya ta juyo ta dubi sama, na ga fuskarta ta sake. Ta ce, "Ke, bar masakin nan ki fita!"

Na miƙe ke nan na ji wani gunji, duniya ta yi duhu.

Da ƙura ta lafa na tarar da kaina a tsaye, ƙasa ta binne ni har ƙirji. Hannu ɗaya kawai nake iya motsawa. Kogon babu shi, yaya ma babu ita. Duk numfashin da na fitar sai ƙasa ta ƙara matse ni, ta hana ni jawo wani. Na so in yi ihu, murya ta ƙi fita. Na ɗaga kai na ga sauran bangon ya tsage, yana rataye daidai kaina. Can ƙasa kuma, inda ido ba ya gani, na ji an damƙe mini ƙafa. Hannun yaya ne.

Gwaggo ta kwasa da gudu tana kururuwa. Kafin ka ce me mutane sun cika wurin da hauya da galma, kowa na rugowa bakin ramin yana leƙe. Duk wanda ya taka gefen, sai rairayi ya zubo mini a fuska. Ina son in ce su ja baya, ba hali.

Sai na ji an daka tsawa: "Ku koma baya! Wallahi ku ne za ku ƙarasa su!"

Wani tsoho ne da ya yi rayuwarsa yana ginar rijiyoyi, ido ya fara raunana ya bar sana'ar. Da sandarsa ya kore su, mata na zaginsa, ana cewa ba shi da tausayi. Ya zagayo ta hanyar da muke sauka, ya sa aka ciro ƙyauren gidan da ya fi kusa, aka tokare bangon da shi da itatuwan rumfa. A wurina wannan ɗan lokacin ya fi shekara. Sannan ya durƙusa gabana ya ce, "Ɗiyata, kar ki yi kokawa da ƙasa, shaƙi kaɗan-kaɗan. Ina 'yar'uwarki?"

Da ƙyar na ce, "Baba, tana riƙe da ƙafata."

"Wace ƙafa?"

"Ta hagu."

Ya hana a sa hauya. Mutum huɗu kawai ya bari suka sauko, da ƙorai da hannu suke yashewa, saura suka yi layi suna miƙa ƙasar can nesa. Ya ajiye gwaggo ta zuba wa tsagar nan ido, ya ce in ta ga ta ƙara buɗewa ta yi magana. Suna cikin aiki na ji riƙon yana sassautawa. Na fara kuka ina cewa, "Ta sake ni, Baba, ta sake ni!" Bai ɗago kai ba, sai ya ce, "Ku bi ƙafar."

Suka bi ƙafata har suka kai ga hannunta, suka bi hannun har kanta. Wani babban dunƙulen yumɓu ya faɗi a karkace ya bar mata 'yar kafa wajen fuska. Tsohon ya sa yatsa ya kwashe ƙasar da ke bakinta, ya yi ta bubbuga mata baya. Can sai ta yi wani tari, wurin ya ɗauki salati.

Ba a jima da fitar da mu ba ƙyauren ya karye, bangon ya zube ya cike inda muke. A amalanken shanu aka kai mu likita a Tasawa. Ni na warke cikin 'yan kwanaki. Yaya ƙugunta ya goce, da ɗingishi ta ƙare rayuwarta, ba ta kuma sake shiga rami ba.

Ni na koma, don yunwa ba ta ba mu zaɓi ba, sai dai da sabon hankali. Na koyi cewa daga sama ake cin rami, a kwantar da bakinsa, a zubar da ƙasar nesa da gefe, kuma kullum a bar mai ido a waje. Babban abin da ranar ta koya mini shi ne, in ƙasa ta danne mutum, gaggawar masu ƙaunarsa na iya kashe shi. Wanda ya tsaya ya dubi bango kafin ya miƙa hannu, shi ne ya cece mu.