Matar da Ba a Tambayi Sunanta Ba

Gara in rubuta ko na samu sauƙi.

A ƙauyenmu da ke gabas da Kunci, in an gama girbi, kakata Iya Falmata takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. Ita ba 'yar ƙauye ba ce, aure ya kawo ta. A birnin Kano aka haife ta, a wata unguwa bayan layin dogo da take kira Layin Baƙi. Ta ce jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa ne suka tara mutanen wurin: Barebari irinsu, Nufawa masu tabarma, Yarbawa masu awo, Buzaye masu gadi, Ibo masu gyaran keke. In ka bi layin da hantsi, ƙamshin miya biyar za ka ji kafin ka kai famfo.

Wani dare na ce ta yi mana ta Gizo.

“Ke tafi can, mai kunnen ƙashi,” in ji ta. “Ta yau ba ƙanzon kurege a cikinta. Ku matso.”

Ta ce wata mata ta taɓa sauka a layin da ƙullin kayanta, ta kama ɗakin ƙarshe a wani gidan haya. Ba ta da yawan magana. Nufawa suka ɗauka Bayarabiya ce, Yarbawa suka ce ai ta Barebari ce, Barebari suka bar wa Buzaye. Kowa ya sakankance tana da nata mutanen. Kwana huɗu ƙofarta na rufe, sai ƙuda ne suka faɗa wa maƙwabta. Da liman ya tambayi sunan mamaciyar, aka yi ta kallon juna.

“Tun daga nan,” Iya ta sassauta murya, “takan zo da la'asar sakaliya, ta yi sallama, ta ce: kun san ni?”

“In an ce a'a fa?”

“Wa ya tsaya ya ji? Ci gyaɗarki.”

Wannan ne ya sa matan layin suka kafa al'ada: duk baƙon da ya sauka, kafin ya kwance kaya za a kai masa kunu, a tambayi sunansa da garinsu da wanda za a aika wa in ta faru. Ko yarensa ba a ji, sai an nemo mai ji.

Iya ta rasu ina aji uku na sakandare. Bara na samu aikin jiran kyamis a birni, na kama ɗaki a unguwar tata, har ina murna. Har yau ana jin yare shida a famfo ɗaya, coci na kallon masallaci. Amma ba wanda ya kawo kunu. Kowa da makullinsa da wayarsa. Matar ɗakin da ke jikin nawa “Sista” take ce mini, ni kuma in ce mata “Madam”.

Ranar Talata waccan, na idar da la'asar, aka yi sallama. Tsohuwa ce, da ƙulli a ka, ƙafarta ba takalmi, zaninta irin wanda ban taɓa ganin wata ƙabila ta ɗaura ba.

“'Yata, kin san ni?”

Na ce, “A'a, Baba... Inna, ki yi haƙuri.”

Ba ta yi fushi ba. Ta leƙa ɗakin ta bayan kafaɗata, ta daɗe tana duban katifata, kamar mai duba ɗakin da ta taɓa zama.

“Ke fa,” ta ce, “wa ya san ki?”

Ban san lokacin da na kulle ɗakin na kai tasha ba. Da na iso ƙauye, mahaifiyata ta ce wata mai taɓin hankali ce kawai, in riƙa azkar. Wataƙila haka ne.

Da ina yarinya na zaci an ba mu labarin ne don mu ji tsoron matar. Yanzu ba ita ke hana ni sukuni ba. Yau kwanana tara a ƙauye. Da na kira mai kyamis jiya, na tarar ya sa wata a wurina, bai aika kowa ya duba ni ba. A gidan hayar nan mai ɗaki goma sha biyu, ba wanda ya neme ni, don ba mai lambata, ba wanda ya san garinmu. Ƙofata kuwa irin mai makulli a jiki ce, ko ta ciki aka kulle ko ta waje, kamarta ɗaya.

Da a ciki nake kwance, yau kwana tara ke nan.