Reshen da Shamuwa Ta Yi Sheƙa

Akwai tsohuwar tsamiya a bayan gidana a Dogon Dutsi. Duk shekara, idan zafi ya kai inda zai kai, shamuwa biyu kan taso daga kudu su sauka a kanta, baƙaƙe wuluk, cikinsu fari. Da na taso daga lakwal inda nake koyarwa, sai in ja kujera bayan ɗaki in zauna ina kallonsu suna ɗauko tsinke ɗaya-ɗaya suna gyaran sheƙa. Matata kan ce na fi sanin lafiyar tsuntsayen nan da ta mutanen gida, ni kuwa ban taɓa musa mata ba.

Bara 'ya'ya uku suka ƙyanƙyashe. Munana ne ƙwarai, wuya kamar igiyar guga, baki kullum a buɗe ana jiran fara. Amma ina sonsu. Na lissafa cewa da wata guda za su tashi.

Katangata ɗaya da surukina, mahaifin matata. A shekarar ya gina sabon ɗaki ya rufa masa kwano, reshen da sheƙar take kuwa ya leƙa kan rufin. Wata safiya sai ga shi da kansa a ƙofata, mutumin da bai taɓa tako gidana ba. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Reshen ga ya dame ni," in ji shi. "Kashin tsuntsaye duk ya ɓata mini kwano. So nike a sare shi. Mi ka gani?"

Maganar tana bakina: Baba, a ƙara wata guda. Amma a wurinmu namiji ba ya kallon idon surukinsa, balle ya mayar masa da magana. Sai na ji kaina ina cewa, "Yadda ka gani, Baba."

Bayan azahar mai gatari ya hau. Ina tsaye ina kallo har reshen ya karye ya faɗo cikin gidana. Biyu daga cikin 'ya'yan nan take suka mutu. Na ukun ya kai la'asar yana jan karyayyen fiffike a ƙasa. Iyayen suna ta kewaya tsamiyar, su sauka kan katanga, su sake tashi, ba ko kuka. Shirun nan nasu ya fi komai ƙona mini rai.

Mai gatarin ne na fara wankewa tas da faɗa. Ya goge zufa ya ce, "Malam, ai cewa anka yi kai ka yarda." Na kore shi. Daga nan na koma kan matata, kwana uku ina zuba mata. Wane irin tsoho ne wannan? Manomi, wanda sai ya ga shamuwa yake fiddo irin hatsinsa! Ko yaron goye a Arewa ya san ba a taɓa shamuwa. Saboda kwano? Kwanon da ruwan farko zai wanke a kyauta? Na daina bi ta ƙofarsa, gara in zagaya ta bayan masallaci da in gaishe shi.

Ran na huɗu tana tankaɗe na sake ɗaukowa. Ta bari na kai aya, sannan ta ajiye rariya.

"Ka gama?" ta ce. "Baba bai san da ɗiya cikin sheƙar ba, idonshi ba ya kaiwa can. Ran da ya ji, ko tuwo bai ci ba. Cewa ya yi da ni, mijinki kullum yana zaune yana kallonsu, shi ya sa na taka da ƙafata na tambaye shi. Da akwai wani abu, ai da ya hwaɗa mini."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Na tsaya a tsakar gida da sauran zagin a bakina, na rasa wanda zan ba.